Farashin da Na Yanka wa Tarpey

Lahadi, 17 ga Satumba

Ruwa tun asuba. Duk da haka na je barga, don Lahadi ce ranar da Hession, mai horar da dawakin, yake barin masu dawaki su zo su tsaya cikin taɓo su yi kamar sun san abin da suke kallo. Cikin mu goma sha biyu da muka yi karo-karo muka sayi goɗiyar, mu biyar muka je. Dympna ta kawo karas a jaka, Jarlath mahauci ya kawo bakinsa.

Tarpey, goɗiyar tamu, tana nan yadda take. Ja, mai farin goshi, shekara shida, idon sawun gaba na hagu da ɗan kauri. Tsere goma sha tara, ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Shekara uku ke nan muna ciyar da ita.

Jarlath ya sake wasan nan nasa na rabon gaɓoɓi. Wai kai na Dympna ne tunda a mashayarta aka kafa ƙungiyar, ƙafafu na 'yan gidan Coyne su huɗu, ciki nasa ne. "Malam kuwa wutsiya, don shi ma aikinsa ke nan, ya tsaya a baya yana korar jama'a." Aka yi ta dariya. Shekara biyar na koyar da shi, bai taɓa rubuta jimla guda ba tare da ya ji mata ciwo ba. Yau shagonsa uku.

Asabar, 23 ga Satumba

Ta biyu. Tsawon wuya kawai aka ba ta.

Katin shiga na masu doki guda shida ake ba mu, bi da bi muke karɓa, wannan karon ba ni a ciki. A talabijin ɗin Dympna na kalla. Mashaya ta kaure da ihu kamar an ci yaƙi, tsoho Coyne har da hawaye. Na ce mahayin ya makara, da ya sake ta tun daga kwana da ta ci. Ba wanda ya juyo. Na sake faɗa. Wani ya ce, "To, Malam, a sa masa jan biro."

Na dawo gida na dafa ƙwai biyu.

Talata, 26 ga Satumba

Mai yanka nauyi ya ƙara mata laba biyar saboda ta yi ƙoƙari. Haka tsarin yake: ka yi kusa da ci, a ƙara maka darma a sirdi. Na san wannan tsarin tun kafin in san doki.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Barga. Mu uku kawai.

Attracta ce ke kula da Tarpey. Ta haura hamsin, shekara talatin tana gidan Hession tun zamanin mahaifinsa, hannuwanta kamar saiwar itace. Da goɗiyar take hira, mu sai dai ta gyaɗa mana kai. Yau na ji tana ce mata, "Ɗaga, uwar gida, ɗaga mini nan, kada ki yi mini halin naki gaban baƙi." Baƙi. Mu ke nan.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ta tara cikin goma sha huɗu. Nauyin ya kashe ta tun kafin a miƙe hanyar ƙarshe. Wannan karon ina da kati, na yi tafiyar awa uku don in ga hakan da idona, na ci burodi da naman sanyi a ɗakin masu dawaki tsakanin mutanen da ke da doki sukutum nasu su kaɗai.

Hession ya ce ƙasa ta yi mata laushi. Wancan watan cewa ya yi ta yi mata tauri.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Sai ciwon gwiwa.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ban je barga ba. Kwana uku ina teburin kicin da littattafan sakamakon tsere da fensir. Rabona da in zauna wa abu haka tun ina jami'a a Dublin, lokacin da malamaina suke cewa yaron nan zai yi nisa da Latin da Girkanci. Nisan da na yi shi ne mil ɗari da ashirin, na dawo garinmu jinyar Baba, na kama koyarwa na shekara ɗaya kafin in koma. Shekara talatin da shida. Sau biyu aka tsallake ni aka naɗa wani shugaban makaranta. Da aka cire Latin daga manhaja sai aka ba ni labarin ƙasa, in riƙa nuna wa 'ya'yan manoma inda ruwa yake gangarawa. Matata Philomena ta tafi wurin ƙanwarta a Leeds na mako biyu, bana shekara goma sha ɗaya.

Ban san me ya kawo wannan ba. Abin da na zauna rubutawa shi ne: na samo. Filin tseren Dundalk, Laraba takwas ga Nuwamba, mil ɗaya. Na bi dawakin da ke shiga irin wannan tseren ɗaya bayan ɗaya na shekara biyu. Za ta ci. Ba zato nake ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Taron ƙungiya a ɗakin baya na Dympna, goma sha biyun duka, abin da ba a saba ba.

Na tashi tsaye na yi musu bayani dalla-dalla, kamar aji. Akwai tseren da ake kira na ɗauka. Kowane doki yana shiga da farashi a wuyansa, masu shi ne ke yankawa. In ka sa farashi ƙarami, nauyin da zai ɗauka ya ragu. Sharaɗin shi ne, bayan tsere akwai minti goma sha biyar da duk mai so zai iya jefa takarda ya ɗauki dokin a wannan farashin, ko kana so ko ba ka so. Masu doki ma suna iya jefa tasu takardar don su kare shi, da 'yar asarar kuɗin ofis. In takardu sun fi ɗaya, a ja ƙuri'a.

Na ce mu sa mata yuro dubu biyar. Za ta sauke laba goma sha biyu.

Jarlath ya ce, "Tsaya, Malam. Wato mu rataya mata takardar kuɗi kamar cinyar rago a tagata?"

Na ce ba mai ɗaukar goɗiya 'yar shekara shida mai kumburin ƙafa wadda ba ta taɓa ci ba. Na karanto musu alƙaluma: cikin irinta goma sha bakwai da suka shiga, ɗaya aka ɗauka.

"To in mu ne ɗayan fa?"

Na ce lissafi bai taɓa zama abokinsa ba, kada ya matsa wa kansa yanzu da girma ya zo. Aka yi dariya, wannan karon da ni ake yi, ba a kaina ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta.

Dympna ta ce ita ba ta shiga ƙungiya don kofi ba, don ta sami inda za ta je ran Lahadi ne tun da mijinta ya rasu. Tsoho Coyne ya ce shi kuwa shekararsa tamanin da ɗaya, yana so ya ga rigarmu a gaba sau ɗaya. Aka ɗaga hannu. Bakwai da biyar.

Dympna ba za ta sami zuwa ba ranar, za ta yi wa wasu abincin taron cikar shekara da rasuwa. Aka ce ni ne wakili. Ta sa sharaɗi guda, aka rubuta: in ta ci, a jefa takardar karewa. Na ce ba za a bukata ba. Ta ce, "Malachy, a jefa." Na ce to.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Hession ya ja ni gefe bayan rumbun ciyawa. Wai da mun sa dubu goma da hankalinsa ya fi kwanciya. Na nuna masa takarduna. Ya duba kamar mai duba takardar magani, ya miƙo mini. "Kayanku ne, Malam. Ni ɗan aiki ne."

Attracta tana goge mata baya, ba ta juyo ba. "Kai ne ka yanka mata kuɗin?"

Na ce ƙungiya ce.

"Dubu biyar." Ta ci gaba da gugarta. "Kin ji, uwar gida. Ko motar Jarlath ta fi ki."

Shi ke nan abin da ta ce. Yau ce rana ta farko da ta fara yi mini magana.

Lahadi, 29 ga Oktoba

An mayar da agogo baya, ƙarfe biyar duhu ya yi. Na sake bin lissafin daga farko. Ba kuskure.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Ta yi gudun gwaji a kan tudu, na tsaya a iska na kalla. Hession ya ce ba ta taɓa yin kyau haka ba, ya faɗa kamar mai ba da labarin rasuwa.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na goge takalma. Na ciro kwat ɗin da na sa ranar da aka yi mini walimar ritaya.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Jiya ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta yadda aka yi, a jere, kada in gyara komai.

Mu shida muka je a motar Jarlath, tana warin ɗanyen nama da maganin wanki. Sanyi, iska daga teku. A da'irar da ake zagayawa da dawaki kafin tsere na ga wani gajeren mutum mai koriyar hula ya jingina da shinge. Ba fuskar dawakin yake kallo ba, ƙafafu yake kallo. Da Tarpey ta wuce ya bi ta da ido, ta sake zagayowa ya sake bi. Na gani. Na rubuta nan cewa na gani.

Aka tashi. Ta zauna ta huɗu a jikin shinge, daidai inda na ce. A kwana mahayin ya fito da ita, sai kawai ta wuce su. Ba faɗa, ba bulala. Tsawon doki uku. Na san na yi ihu don yau maƙogwarona yana ciwo, amma ban ji kaina ba.

Tsoho Coyne ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hula. Jarlath ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. "Malam! Na rantse kai ne! Duk abin da na taɓa faɗa a kanka na janye, har da wanda ba ka ji ba!" Mai hoto ya jera mu, suka tura ni tsakiya, aka ba ni linzamin in riƙe. Wani ɗan jarida ya tambayi wa ya zaɓi tseren, su biyar suka nuna ni a tare. Shekarata sittin da tara. Ba a taɓa nuna ni haka ba.

A nan Hession ya taɓa mini hannu. "Saura minti takwas. In jefa tamu?"

Na san amsar, a rubuce take a littafin Dympna. Amma na tsaya gaban mutum goma sha ɗaya na ce abu biyu: za ta ci, kuma ba mai ɗaukarta. Na farko ya tabbata a idon kowa. Jefa takardar nan kamar in ce ban yarda da na biyun ba ne. So nake in ci duka biyun. Ba kuɗin ofis ba ne, ko kusa.

Na ce, "Bar shi. Na faɗa muku ba mai so."

Ya dube ni. "Ka tabbata?"

Na ce ai ya ga abin da tabbacina ya yi yanzu-yanzu. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi wurin mahayi.

Muna ɗakin masu dawaki, an buɗe kwalba, lasifika ta yi magana. Wadda ta ci, an ɗauke ta. Wani Eunan Treanor daga Monaghan.

Jarlath ya ajiye kofinsa. "Ƙuri'a ta ci mu ke nan?" Hession ya kalle ni. Na kalli tebur. Ya ce, "An ɗauke ta, Jarlath." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Takarda ɗaya aka jefa. Da tamu tana ciki, rabi da rabi ne.

Doki ake saya, ba kayansa ba. Sai da Attracta ta kai ta har bargar baƙi, ta cire mata bargo, ta cire ragama, mai koriyar hula ya sa nasa. Ina tsaye daga nesa. Ta dawo ta wuce mu da ragamar a hannu, igiyar tana jan ƙasa, ta shiga babbar motar da ba komai a bayanta.

Awa uku da rabi zuwa gida. Kofin yana kan cinyar tsoho Coyne. Ba wanda ya kunna rediyo.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Dympna ta bugo. "Kada ka sa wa ranka, Malachy. Ka yi naka, ƙuri'a ce ba ta faɗo mana ba." Na ce haka ne.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na farka ƙarfe bakwai, na sa takalman taɓo, sai na tuna. Na zauna a kicin da su a ƙafa har shayi ya huce.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

An rataya hoton a bayan kantar mashayar Dympna, sama da kwalabe. Ina tsakiya, baki buɗe, kamar wanda aka ba kyautar saniya. Kowa ya shigo sai ya saya mini kofi. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna tsallaka titi don kada mu gaisa, yanzu "Malam, me ka gani a tseren Asabar?"

Za su sayi sabon doki da kuɗin, ɗan shekara biyu. Jarlath ya ce ba wanda zai zaɓa sai ni. "Kai kaɗai ne mai kai a cikinmu, mu sauran duk ciki ne." Na ce zan duba.

Abin da na nema ke nan tun ina saurayi. Ga shi an ba ni, da cokali.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Na hango Attracta a coci, layi uku a gabana. Na fita kafin a gama.

Laraba, 6 ga Disamba

Sunanta ya fito a jarida, Dundalk kuma. Ban je wurin Dympna ba, na shiga shagon caca na bakin kasuwa inda ba mai kula kowa.

Da kyamara ta bi ta kafin tsere ban gane ta ba sai da lamba. Riga ruwan ɗorawa a bayanta, wannan ba komai. Haƙarƙarinta ne. Ana ƙirga su daga talabijin. Gumi ya yi mata kumfa a wuya cikin wannan sanyin.

Ta ƙarshe. Can baya, ita kaɗai, har kyamara ta daina nuna ta. Wani a gefena ya yaga takardarsa ya ce, "Wannan sai tukunyar karnuka."

Alhamis, 7 ga Disamba

Na nemo lambar Treanor na buga. Ban san me na yi niyyar faɗa ba. Na zaci zan ji mugu, sai na ji mutum mai gajiya, dawaki tara gare shi, shi da matarsa ke yin komai.

Ya ce tun da ta zo ba ta cinye abinci sau ɗaya ba. Ta shinshina ta juya baya. Likita ya duba haƙora, ya duba ciki, ba komai. Tana zagaya ɗaki har ta haƙa hanya a cikin shimfiɗa. "Gaskiya, maigida, ba ni da halin ciyar da wadda ba ta ci ba ta gudu. In ba ta gyaru ba zuwa sabuwar shekara, kasuwa zan kai ta." Mu duka mun san wa ke sayen ramammiyar goɗiya mai kumburin ƙafa a kasuwar Janairu. Masu yanka ne.

Ya ce ya buga waya gidan Hession sau biyu, an ce masa abincin da kowa ke ci take ci. Sai ya tambaye ni. "Kai da ka yi shekara uku da ita, yaya take ci a can? Me take so?"

Na san lokacin da ta yi a kowane tsere cikin ashirin da uku, har da daƙiƙa. Na san kakanninta zuwa hawa biyar.

Na ce zan sake kiransa.

Asabar, 9 ga Disamba

Sau biyu na fita zuwa barga, sau biyu na dawo daga bakin gada.

Lahadi, 10 ga Disamba

Na sami Attracta a ɗakin sirdi tana shafa wa linzami mai. Wani baƙin doki ne yanzu a ɗakin Tarpey.

Na shirya jawabi a hanya, mai gabatarwa da komai. Abin da ya fito shi ne, "Ba a jefa takardar ba. Ni na hana."

Ba ta ɗago ba. "Na sani. Ina bayanku da soso a hannu."

Wata guda ke nan. Ba ta faɗa wa kowa ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ita ta yi ba, me zai sa ta ɗauke mini faɗar.

Na gaya mata abin da Treanor ya ce. Hannunta ya tsaya. Ta ce da ya bugo ofis ya samu, ba wanda ya zo ya tambaye ta, ba a tambayar masu shara. Na zaci korata za ta yi. Sai ta ce, "Kana da biro? Ai ba ka rabuwa da shi. Zauna."

Na zauna a kan buhun dusa. Ta faɗa, na rubuta.

Ba ta ci a kwami, sai a ƙasa, a kusurwar da take ganin ƙofa. A jiƙa ciyawar, kada ta yi sharkaf. A yayyafa ruwan ɗumi a hatsin, a juya da hannu, ba da sanda ba. Kada a tsaya a kanta tana ci, amma kada a yi nisa. Mutum ya yi wani aiki a kusa, ya ba ta baya. Dole ta riƙa ganin wani doki ta tsakanin ƙarafa, in bango ne ko'ina ba za ta kwanta ba. Rediyo a buɗe, tashar masu surutu, ba ta kiɗa ba.

Na rubuta "a tanadar mata abokin zama". Ta leƙo. "Ba haka na ce ba. Cewa na yi ta riƙa ganin wani doki. Rubuta yadda na faɗa, Malam, ba yadda ya fi daɗi ba." Na soke na sake.

Shafi biyu. Da muka gama ta shiga baya ta fito da wani tsohon baƙin bokitin roba, bakinsa duk cizo. "Nata ne. Kada ka wanke."

A ƙofa na ce mata na gode. Ta ce, "Ba don kai ba ne."

Alhamis, 14 ga Disamba

Na faɗa musu. A ɗakin baya, kafin a fara maganar sabon doki. Jimla huɗu, ban tashi tsaye ba.

Dympna ta buɗe littafinta ta duba inda aka rubuta, ta rufe. Da ta zage ni da ya fi. 'Yan gidan Coyne biyu suka ɗauki kwat suka fita. Jarlath ya daɗe yana juya kofinsa. "Shekara biyar kana ce mini jaki a gaban aji, Malam. Har na yarda." Ya tsaya nan.

Tsoho Coyne ne kawai ya ce shi dai ya ga rigarmu a gaba. 

Hession zai zaɓa musu dokin. Ba a ce in fita daga ƙungiya ba, ba a ce in zauna ba. Da zan wuce na ga hoton yana nan. Da ma sun cire.

Asabar, 16 ga Disamba

Bas uku, da bokiti a cinya. Wata mata ta tambaye ni ko kamun kifi za ni.

Gidan Treanor ƙarami ne, a kan tudu, tsaf-tsaf. Ya karanta shafi biyun a tsaye a tsakar gida, matarsa tana leƙe ta kafaɗarsa. Da ya zo kan rediyo ya yi dariya. "Sarauniya na saya ashe." Amma ya je ya kwance katako biyu daga bangon da ke tsakaninta da wani tsohon farin doki, matar ta ɗauko rediyon kicin.

Ta fi yadda na gani a talabijin ramewa. Ta dube ni kamar yadda za ta dubi mai kawo wasiƙa. Ba ta san ni ba. Da me za ta san ni?

Na juya hatsin da hannuna, na ajiye bokitin a kusurwa, na fito na ba ta baya. Ba aikin da zan yi, sai na karɓi tsintsiya na yi ta sharar wurin da aka riga aka share. Ana ta gardamar kuɗin madara a rediyo. Minti ashirin, ko fi. Sai na ji bakin bokitin yana gogar ƙasa.

Ban juya ba. An ce kada a juya.

Kashi ɗaya cikin uku ta ci. Treanor ya ce ya fi na kowace rana, amma kada in ɗauka wani abu ne, ci ɗaya ba ya mayar da tsoka. Ya ɗaga kai ta kasuwa zuwa ƙarshen Janairu. Iyakar abin da ya yi alkawari ke nan, kuma bai zama dole ya yi ba.

Bas ɗin ƙarfe uku ya wuce ni. Suka ba ni miyar rago da dankali. Muna ci ya tambaye ni ko a can ana rufe mata ƙofar sama in gari ya yi sanyi, ko a buɗe ake bari.

Na ce ban sani ba. Na ce zan tambayo.

Na ce zan kawo masa amsar ran Asabar. Waya ma za ta yi, na sani. Amma layin can tudun ba shi da kyau sosai.